Ragon da Na Yini Ina Tayawa

Jama'a, ku taya ni jaje, na je cin kasuwa na dawo da yunwa da kunya.

Matata Tasalla ta haihu, suna ya rage kwana ɗaya, surukaina sun iso daga Gwiwa sun cika mini zaure. Na hau jaki daga Roni na nufi tsohuwar kasuwar birni da niyya biyu: in sayi ragon suna, in kuma zauna rumfar Uwa mai waina in ci da miyar taushe har in ƙoshi.

Ina shiga na ga kasuwa fes. An shafe komai da farar ƙasa, har gindin tsamiya bai tsira ba. Uwa kuwa a bayan kasuwa na same ta, ta kife tanda ta yi tagumi.

"Uwa, lafiya?"

"Ina fa lafiya, Malam Daudu? Wai Babban Baƙo zai zo ganin kasuwa, hayaƙina zai ɓata musu farar ƙasa. Ga ƙullu nan yana ta tsami."

Na haɗiye miyau na wuce kara, wajen dabbobi. Nan na ga wani farin rago a hannun Lado makiyayi, ya yi ɓul-ɓul. Na taya, Lado ya kusa sallamawa, sai ga Mai Girma Sarkin Gyara-Don-Baƙo, Allah ya ƙara masa fasaha, da rawani kamar tulu.

"Kai! Yau ba a sallama. In aka sayar da kaya, Baƙo ya zo ya ga me? Ka ci gaba da tayawa, kai kuma Lado ka yi ta cewa albarka."

"Ranka ya daɗe, suna gare ni gobe."

"Madalla, shi ya sa ka dace. Fuskarka ta mai bukata ce. Ɗaga murya, ka yabi ragon!"

Haka muka yini a rana. Ina tayawa, Lado na cewa albarka. Ina shafa gadon bayan rago ina ihu babu kamarsa a ƙasar nan. Ragon ya gaji ya kwanta, aka tashe shi. Akussan dambun nama na liyafar Baƙo suna ta wucewa ta gabanmu, mu dai ƙamshi ne rabonmu.

Da la'asar motar Baƙo ta zo. Ba ta tsaya ba. An dai ga hannu ta taga.

Mai Girma ya ce bai kamata Baƙo ya tafi hannu rabbana ba, a bi shi da ragon da ya fi kowanne. Wanne ke nan? Ya nuna ni.

"Ai kai da bakinka ka ce babu kamarsa."

Aka ja ragon, aka yi wa Lado godiya mai yawa. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Kafin in juya kara ta watse, sai wani ƙanjamammen bunsuru na samu. Da na isa gida, surukina ya zagaya shi a hankali, ya ce, "Daudu, da ransa ka sayo shi?"

Amma kada a ce ba a san darajar talaka ba. Mai Girma ya aiko cewa na iya ciniki, in Baƙo zai sake zuwa za a neme ni. Na ce zan zo. Sai dai wannan karon shi Mai Girman zan tsaya ina yabo da ƙarfi, ko Allah zai sa a bi Baƙo da shi.