Tudun da Fartanya Ke Kaucewa

Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da na so. Wata biyu da aurenmu, matata ta ce lokaci ya yi da zan je in gaida kakanta, wanda ya rene ta. Ƙauyensu na cikin wani kwari tsakanin Karaye da Rogo, inda aka gwabza da mahara tun kafin zuwan Turawa. Tsohon dama bai so a ba ɗan birni jikarsa ba. Ni kuwa malamin tarihi ne (abin da ba na bari kowa ya manta), sai na ƙudura yau zan burge shi.

Bayan mun gaisa na ci dambu, ya ɗauki sandarsa ya ce in zo in ga filin yaƙin. Gonar gyaɗa ce yanzu. A tsakiyarta akwai wani ɗan tudu da ciyawa ta rufe, kunyoyin duk sun kauce masa. Na haye kansa da takalmina sau-ciki, na shiga nuni da hannu: ta nan mahara suka ɓullo, ta can aka tare su. Masu noma suka ajiye fartanya suna kallona. Na ɗauka ilimina ne ya ratsa su, na ƙara murya.

Har da ba da shawara. "Baba, barin wurin nan ai asara ce. Ku baje shi ku shuka gyaɗa mana."

Tsohon ya ce a hankali, "Malam, sauko. Kakan kakana kake takawa, shi da ƙannensa biyu. Ranar yaƙin aka rufe su a nan."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige (ita ma ƙasar da masu ita). Na sauko ina tuntuɓe, na tuɓe takalmi, na durƙusa. Na riga na sallama cewa ni da tsohon nan shi ke nan.

Sai na ga ya tuɓe nasa, ya durƙusa gefena da ƙyar. "Baƙi da yawa daga bakin gona suke ɗaukar hoto su wuce," in ji shi. "Kai har kansu ka kai ziyara. Ɗaga hannu mu yi musu addu'a, ai yanzu kakanninka ne."

Hawaye suka zo min, ban ma ɓoye ba.

Tun daga ranar, duk inda na ga fartanya ta kauce, takalmina nake fara cirewa, sannan in kama bakina.