Hoton Baƙin Bijimi

Na yarda ni na zaɓi gilashin, amma ban yarda na yi kuskure ba.

Kawuna ya baro sojan Turawa da kyamara mai gilashi biyu: gajere mai faɗin baki, da dogo kamar kakaki. Ranar da ya tafi cin kasuwar Bafarawa, Buba makiyayi ya zo gidanmu a Turba dab da magariba. Gobe fatake za su kora baƙin bijiminsa kudu, yana son hoton da zai riƙa tunawa da shi.

"Kawunka ya ce in rana ta yi sanyi gajeren aka sawa," in ji Inna.

"Inna, bijimi kamar wanga, da guntun gilashi? Za ni ba shi girmansa."

Na ɗaura dogon. Na kori yara, na hana kaji motsi, na sa Buba ya riƙe numfashi har idonsa ya yi ja, sannan na danna.

Da aka wanko hoton daga Sakkwato, bijimi ya daɗe da tafiya. Takarda ta fito baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Buba ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Yaro, ina sa na?"

"Shina ciki, Baffa. Baƙin sa ka kawo min, fari kake so ya fito?"

Har gobe ina nan kan bakana. Buba ya soke hoton a jikin bukkarsa, kawu ya kulle kyamara a akwati. Yanzu duk daren da babu wata, mutanen Turba sai su ce na ɗauki hoto.