Tsohon da Ya San Ƙwallo Kafin Ta Shiga

Ko zan manta komai na zuwana Guangzhou na farko, ba zan taɓa mantawa da ranar da na durƙusa wa wani tsoho a gidan abinci ba. Kwanana huɗu a garin fasfona ya ɓata, ga jirgin komawa Kano saura kwana biyu. Na zazzage jaka, na ɗaga katifa, na bi shagunan kasuwar Canaan ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya kaɗa hannu ya ce "meyo", wato babu.

Bayan azahar na faɗa wani ɗan gidan abinci a unguwar Dengfeng, can ƙarshen lungun da rana ba ta shiga. Ba kowa sai wani tsoho mai farin gemu yana jan carbi, ya juya wa talabijin baya. Wasan lig ɗin Italiya ake nunawa, amma filin wayam. Kujeru reras ba mutum ko ɗaya, sai ihun 'yan wasa ke amsa kuwwa kamar a gidan da aka tashi. Tsigar jikina ta fara tashi.

Na kai loma baki ke nan tsohon ya ce, ko waiwayawa bai yi ba, "Mai lamba tara zai faɗi. Fenariti."

Ya faɗi. Aka busa.

"Turke zai buga wa."

Ƙarar turken nan har cikin haƙorana na ji ta. Na saci kallon ƙafafunsa in ga ko kofato ne. (Ni ne fa mai yi wa ƙannena wa'azi a kan zuwa wurin 'yan duba.) Da ya ce jan kati na tafe, alƙali kuma ya zaro, sai tsoro da kwaɗayi suka haɗe mini. Ban ma lura wasu 'yan kasuwar Kano uku sun shigo ba. Na cire hula, na zube a gabansa.

"Baba, don girman Allah a duba mini. Fasfona ya ɓata. Ko wane ne kai, ba zan faɗa wa kowa ba."

Sai mai abincin ta leƙo da ludayi a hannu.

"Wai Alhajin Kumasi kake roƙo? Bawan Allah, wasan shekarar korona ne. Tun da dish ɗinmu ya lalace shi kaɗai muke maimaitawa. Alhaji ya haddace shi."

Ɗaya daga cikin Kanawan ya riƙe ciki don dariya. "Malam, a Italiya yanzu ko karyawa ba su yi ba. Wa zai buga maka lig da sassafe?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Tsohon, wanda ashe tsohon ɗan kago ne mai aika wa 'yan kasuwa kaya gida, ya ɗago ni.

"Ɗana, ka sayi layin waya da ka sauka?"

"Na saya, Baba."

"Je shagon ka ɗaga murfin injin da suka kwafi fasfonka. Duk baƙi can kuke bari."

Can kuwa na same shi, kife a kan gilashi. Na koma gida lafiya, amma labarin ya riga ni isa kasuwar Kwari. Tun daga ranar, in na ga mutum ya san abin da zai faru, kafin gwiwata ta taɓa ƙasa sai na tambaya ko maimaici ake yi.