Fast Ɗin Ilu Ƙamus

Wani mutum ne a layinmu, Ilu Ƙamus. Aji uku ya yi a firamare, amma in ya ɓarke da Turanci a teburin mai shayi, wallahi sai ka rantse shi ya yi wa Bature raɗin suna.

Ana nan sai ya samu aikin direba a wani kamfani. Sharaɗi ɗaya ne: ya kai takardar gwajin jini ranar Alhamis, in ba haka ba a ba wani.

Ran Laraba ya je asibiti. Likitar Ba'indiya ce, ko "sannu" ba ta ji. Ta ɗaga yatsa ta ce: "Gobe, takwas. Fast!" Goben ma da hannu ta nuna.

Nas ta ce, "Malam, in fassara maka?"

"Ni? Haba 'yar nan! A koya wa ɗan kada iyo?"

Da yamma ya baje a benci. "Kun ga fast ɗin nan? Kalma ɗaya, ma'ana bila adadin! Mota ta yi gudu, fast. Agogo ya yi gaba, fast. Barci ya yi nauyi, fast. Atamfa ba ta zuba, ita ma fast!"

Muka ce, "To wacce likita take nufi?"

"Sauri mana! In karya da sauri, in zo da sauri."

Da safe kuwa muka ga ikon Allah. Waina goma sha biyu da zuma, lamƙwas! Koko kwano biyu, ƙwat-ƙwat-ƙwat! Shayi mai kauri, sukari cokali biyar. Ya sheƙa a guje, yana gyatsa.

Aka ɗebi jini. Likita ta dubi na'ura, ta dubi Ilu, ta dafe kai. Sukari ya yi tashin gwauron zabo!

Nas ta ce, "Malam, me ka ci?"

Ya lissafa mata tiryan-tiryan, har da taƙama.

"Innalillahi! Ai fast azumi ne. Cewa ta yi kada ka sa komai a bakinka. Yau kam babu takarda."

Gumi ya keto masa. Masu jira a layi kowa ya zuba ido. Amma gogan bai saduda ba.

"Ai na sani! Sahur na yi."

Wata tsohuwa a bayansa ta ce, "Sahur da hantsi? Ɗan nan, matsa mana, je ka gida ka jira shan ruwa."