Ƙofar da Ba Ta San Yatsan Inna Ba

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Latsa-Ka-Huta, masu koya wa gida jin magana,
A duk inda ofishinku yake, don ni dai a waya na san ku.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan kai da iyali da sauran injiniyoyi kuna lafiya, kuma ƙofofin gidajenku suna gane ku idan kun taso daga aiki.

Ni ne Alhaji Mani Rabo, mai sayar da hatsi a kasuwar Ƙanƙara. Gidan da kuke tsara wa na'urori nawa ne, amma ba don kaina na gina shi ba. Na gina shi ne don mahaifiyata Hajiya Larai, wadda muke kira Inna. Tana zaune a Mabai, kuma ba sai na gaya maka yadda zaman ƙauye ya koma a shekarun nan ba. Shekara uku ina roƙonta ta dawo gari, sai bana ta ce idan an gama gini za ta zo ta gani.

Da na tsaya a nan, da ban dame ka da wasiƙa ba. Amma sai na ga tallanku a waya: wani mutum ya tafa hannu fitila ta kama, ya yi magana labule ya ja kansa. Na rantse sai an yi wannan a Ƙanƙara, kuma a gidana za a fara. Maiɗakina Hussaina ta ce in bari a tare tukuna, na ce mata ba ta san zamani ba. Ka ajiye wannan a gefe, ranka ya daɗe, zan dawo kansa. Ga ƙorafina cikin ladabi.

Na ɗaya. Injiniyanku Malam Sanusi mutumin kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa. Ya zagaye gidan da abin awo, yana yi mini tambayoyin da tun da aka haife ni ba a taɓa yi mini ba. Ya tambaye ni awa nawa baƙi ke yi a falo, don a tsara wa fanka lokacin hutawa. Ranka ya daɗe, a garinku ana tambayar baƙo yaushe zai tashi? Ya kuma ce komai zai riƙa tafiya ne da sabis, mu da muka taɓa yin watanni sai mun shiga mota zuwa wani gari kafin mu buga waya. Duk abin da ya faɗa sai in ce haka ne, kamar ni na koya masa. Har na ƙara da cewa a sa wa ɗakin ajiyar gero na'urar da za ta gaya mini idan ɓera ya shiga, ban kuwa tambayi kaina abin da zan yi wa ɓeran daga kasuwa ba.

Na biyu, kuma nan ne gizo ke saƙar. Takardarku ta tsari ta ce ƙofa za ta buɗe ne da yatsa, kuma yatsa ashirin kawai take iya riƙewa. Aka ce in rubuta sunayen mutanen gida. Wane gida? Ran kasuwa kaɗai masu cin tuwo a zaurena sun fi ashirin. Kwana uku ina rubutawa ina gogewa. Na fara da sunana, ba tare da jin nauyi ba. Na sa Inna, na sa Hussaina da yara, na sa ƙannena biyu, na bar layi na ashirin ga Malam Sanusi saboda gyara. Da na gama na ɗauki hoton takardar zan tura masa, sai na tura ta zauren danginmu na waya.

Kafin la'asar, daga Faskari har Sabuwa babu wanda bai san matsayinsa a wurina ba. Kawu Salihu na Mairuwa, wan Inna, mutumin da ya fara kai ni kasuwa ya koya mini riƙe mudu, bai ga sunansa ba. Bai yi faɗa ba. Aikowa ya yi a tambaye ni wannan Sanusin ɗan wane ne a cikin dangi, don shi bai tuna ranar sunansa ba. Sai na kashe waya. Shin a kamfaninku babu mai kawu ne, da ba a sami wanda zai ce ashirin ta yi kaɗan ba?

Na uku. Aka kafa ƙofar don gwaji, aka sa ranar ɗaukar yatsu. Inna ta zo daga Mabai a motar haya, ta sha ƙurar hanya, ta tsaya tana kallon gidan tana sa mini albarka. Ni na fara sa yatsa, nan take fitila ta yi kore, na waiga ina murmushi kamar wanda ya ci zaɓe. Hussaina ta sa nata aka ƙi, wai lalle ya rufe zanen, sai ya kankare. Sannan Inna ta miƙa babban yatsanta. Ja. Aka goge gilashin, ta sake. Ja. Aka bi yatsunta goma ɗaya bayan ɗaya. Malam Sanusi ya sunkuyar da kai ya ce mini a hankali zanen yatsunta ya shafe, babu abin da na'ura za ta karanta.

Ranka ya daɗe, na san abin da ya shafe shi. Taɓarya ce, da fartanya, da ruwan toka, da tuyar ƙuli-ƙulin da ta yi shekara da shekaru har ta saya mini buhun geron da na fara kasuwa da shi. Yatsana da ya shekara ashirin bai ɗaga abin da ya fi kofin shayi ba shi ƙofa ta gane, nata kuwa ta ce ba ta san shi ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Inna ba ta damu da yatsan ba, ashe labarin takarda ya riga ya isa Mabai. Ta gyara lulluɓinta ta ce, "Mani, ni ba ni zama gidan da ƙohwa ka zaɓen baƙo. Wanga gida naka na, Allah shi sa albarka." Ko ruwa ba ta sha ba ta koma tasha. Gidan da na gina don in raba ta da fargaba, da hannuna na mayar da ita cikinta.

Na huɗu. Wannan ƙorafin a kaina yake, amma tunda ba ni da manajan da zan kai wa ƙarar kaina, sai ka yi haƙuri ka karɓa. Na tafi Mairuwa ban haƙuri. Zauren Kawu Salihu ko ƙyaure babu, asabari ne kawai. Na yi sallama na durƙusa. Ya bar ni a durƙushe har ya gama cin goronsa, sannan ya tambaye ni da wane yatsa na shigo. Ya yi dariya har da tari, ni ma na taya shi don ba ni da zaɓi. Washegari shi da kansa ya je Mabai ya ɗauko ƙanwarsa, da kayanta, da tsohon turminta.

Yanzu ga tsarin da ake bi, kuma ba ni na tsara shi ba. Da an idar da sallar asuba sai a buɗe ƙofa a tokare ta da turmin, mai shiga ya shiga, mai fita ya fita. Da magariba a janye shi a sa sakata kamar kowane gida. Ƙofar taku kuwa wuni take tana ƙara, wayata tana sanar da ni cewa an bar ta a buɗe. Inna ta ce a ƙyale ta, sabuwar akuya ma haka take yi kafin ta saba da turke. Hussaina ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba. Kullum da safe dai takan tambaye ni yadda zamani ya kwana.

Saboda haka ina roƙon alfarma uku. A soke labule mai jan kansa, da fanka mai sallamar baƙo, da na'urar ɓera. A koya wa ƙofar nan yin shiru. A kuma shigar da turmi cikin takardar tsari, don a duk kayan da ke bakin ƙofar nan shi kaɗai ne bai taɓa mayar da kowa ba.

Idan injiniyoyinku sun zo, kada su wahalar da kansu neman wurin latsawa. Su yi sallama, Inna za ta amsa.

Naka mai biyayya da tsantsar ladabi har kullum,

Alhaji Mani Rabo Mabai,
na ɗaya a takarda, na ƙarshe a wayo,
Ƙanƙara.