Dattijon da Na Ƙaga a Zango

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi tafintar tonon asirina da bakina ba, a zauren gidanmu na unguwar Zango, a Damagaram. Na yi ƙoƙarin mantawa, wallahi, abin ya ƙi.

Lokacin saura 'yan shekaru a samu 'yancin kai, ina shekarar ƙarshe a babbar lakwal ta horar da malamai can wajen Dakar. Al'adar makarantar ce kowane ɗalibi ya cika kaye guda, wato littafin rubutu, da bincike kan wani abu na garinsu. Wanda nasa ya yi kyau, malaminmu na tarihi, wani Bafaranshe da muke kira Mushe Dogo (mushe shi ne "malam" a bakin Faransawa), sai ya sa masa hannu a tura shi jami'a. Jami'ar nan kuwa ta hana ni sakat. Ko abinci nake ci ita ce a raina.

Mu ne kuma masu baki a wancan zamani. Kullum muna gardama cewa Turawa sun rubuta mana tarihi ba su tambaye mu ba, mu za mu rubuta namu daga bakin mutanenmu. Ni na fi kowa ɗaga murya (har tebur nake bugawa, don ku san girman laifina).

Na zaɓi ayarin raƙuman da ke sauka Zango a da. Duk abin da na rubuta, daga bakin kakata Ya Falmata ya fito, mahaifiyar babana. A gidan fatoma ta tashi, inda fatake ke sauke kaya, ita ke kai musu ruwa tana yarinya. Ta san rijiyoyin hanya ɗaya bayan ɗaya, ta san wa ke kawo takarda da alharini, wa ke komawa da fata da gashin jimina. Tana ɓarar gyaɗa take ba ni labari, ni ina ta rubutu kamar za a ƙwace mini alƙalami.

Da na zo shafin da ake faɗin wanda ya ba da labari, sai hannuna ya tsaya. Abokaina wannan ya sa alƙali, wancan ya sa limami. Ni in rubuta tsohuwa mai ƙuli-ƙuli? Sai kawai na ƙagi wani Malam Kiyari, masani, mai shekara casa'in, na yi masa ado iyakar iyawata.

Kayen ya burge Mushe Dogo fiye da yadda nake so. Ina hutu a gida sai ga wasiƙa: zai ratsa Damagaram ranar Alhamis, kuma ba zai wuce ba sai ya ga wannan dattijo mai daraja.

Kwana huɗu ban zauna ba. In tafi unguwar Birni in dawo Zango, in sake komawa, ba saye ba sayarwa. Na yi niyyar kashe Malam Kiyari, sai na tuna Mushe Dogo mutum ne da zai ce a kai shi ya yi wa iyalai ta'aziyya. Daga ƙarshe na tafi rumfar Baba Bukar, ƙanen mahaifina, tela ne, bai fi hamsin ba amma furfura ta yi masa saurin zuwa.

"Baba, rawani kawai za ka naɗa ka zauna. In ya yi tambaya ka faɗi abin da ya zo bakinka, ni ke tafinta, zan gyara."

Ya dube ni ta saman keken ɗinkinsa ya ce, "Ɗana, bokon nan dai da kuke yi, ashe wasan kwaikwayo ne?" Amma ya yarda.

Ranar Alhamis da hantsi Mushe Dogo ya sunkuyo ya shigo zaure, ya cire takalmi, ya zauna kan tabarma. Baba Bukar ya sha rawani yana jan carbi, sai ka rantse ya sauke littattafai. Aka gaisa. Zuciyata ta ɗan kwanta.

Mushe ya buɗe kayena ya ce in tambayi Malam sunan rijiya ta uku bayan an bar gari. Na tambaya. Baba Bukar ya shafa gemu. Ina ta yi masa ido ya faɗi ko mene ne. Shi kuwa mutum ne da bai iya ƙarya ba sai a kan ranar gama ɗinki. Sai ya juya wajen zanar da ta raba zaure da tsakar gida ya ɗaga murya.

"Inna, wai wace rijiya ce ta uku?"

Daga bayan zana muryar Kaka ta ba da amsa tsaf, har da ƙarin cewa ruwanta da gishiri-gishiri.

Na fassara, gumi na bin bayana. Tambaya ta biyu, "Inna!" Ta uku ma haka. A ta huɗu Baba bai ma wahalar da kansa ba, nuna zanar kawai ya yi da carbi.

Mushe Dogo ya ajiye alƙalami. Bai iya Hausa ba, amma ya zauna ƙasar nan har ya san wa ake kira Inna. Ya ce da ni a hankali, "Dattijo mai shekara casa'in, mahaifiyarsa na da rai? Ita ya kamata in gaisar."

Kafin in haɗa wata ƙaryar, Kaka ta ɗaga zana ta shigo da kanta, hannunta duk man gyaɗa. Ta ce ta gaji da ihu ta bayan shinge, in Bature na da tambaya ya yi mata ido da ido. Suka shafe fiye da awa guda, shi yana tambaya, ita tana zubo zance, ni a tsakiya ina juyawa kamar wanda aka ɗora a kan garwashi. Baba Bukar ya warware rawaninsa ya sulale ya koma ɗinki.

Da za su rabu sai Kaka ta nuna kayen ta ce mini, "Maigida," (haka take tsokanata tun ina goye) "a ina sunana yake a ciki? Nuna mini, ko ban iya karatu ba in ga kamarsa."

Mushe ya nemi sanin me ta ce. Na gaya masa. Sai ya buɗe shafin, ya miƙo mini, ya ce in karanta mata da Hausa, kada in tsallake ko kalma. Na karanta: Malam Kiyari, masani, mai farin gemu har ƙirji, wanda manyan gari ke durƙusa wa.

Kaka ta yi dariya ta shafa haɓarta. "Ashe gemu na yi ban sani ba." Sannan dariyar ta ɗauke. Ta dube ni sosai ta ce, "Labarina ya isa zuwa Dakar, sunana ne bai isa ba ko? Kunyata ka ji."

Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba. Wannan maganar Mushe bai ce in fassara ba.

Bai sa mini hannu a shekarar ba. Ya ce in sake kayen daga farko, da sunan mai labari na gaskiya. Abokaina suka wuce jami'a, ni na yi shekara guda ina koyar da 'yan aji ɗaya a ƙauyen Gidimuni. Da na gama sabon kayen na kai wa Kaka, na ɗora yatsanta kan sunanta. Ta duba ta ce, "Ashe ma ɗan gajere ne, kai kuma kake ta tsoronsa."

Na shiga jami'ar daga baya, har na koyar a cikinta. Abin da na koya dai shi ne, in za ka yi ƙarya kada ka ɗauki Baba Bukar aiki. In kuma ɗalibi ya kawo mini bincike cike da manyan malamai, nakan rufe takardar in ce masa, "Madalla. To, yanzu gaya mini, wace tsohuwa ce ta faɗa maka?"