Ranar da na liƙe jirgin Sani da kwalta

Autana Sani, direban Kwatano, ya sayo ɗan jirgin sama da ake tuƙawa daga ƙasa da telekoman, wato rimot. Da damina duk saukar da zai yi a bakin kogi sai laka ta shiga 'yan injinan da ke juya fikafikansa, waɗanda yake kira sarbo. Ƙanwata Rabi ce ta ce ya yanka balan-balan ya sanya musu kamar safa.

"Kai, Inna Rabi, kanki na ja!" in ji shi. A gabana. Ni da na haife shi.

Me Rabi ta sani game da ruwa? Ni na yi zaman aure da masunci, da hannuna na sha liƙe kwale-kwale. Yana fita masallaci na ciccire robobin nan, na narka kwalta, na toshe kowace kafa. Aiki ya yi kyau, ko hawaye ba zai shiga ba.

Da la'asar abokansa suka taru, na sha lulluɓi na tsaya kusa da Rabi. Ya cilla jirgi, ya murɗa dama, ya murɗa hagu. Fikafikai ko motsi. Jirgi ya miƙe sak, ya haye kogi, ya faɗa Malanbil, can ƙetaren iyaka.

"Yaya, me ya baƙanta miki farce?" in ji Rabi, da ƙarfi.

Har yau in na shiga kasuwa sai 'yan fito su taso: "Hajiya, ga kaya, a ƙetare mana da su ba duwan, ba harajin kan iyaka!"